Falon Da Klepon Ba Ta Taɓa Takawa Ba

Wata daga cikinku ta rubuto a ƙasan labarin jiya cewa in ji tsoron Allah in daina kuka a kan ɓera. Na gani, kuma ban goge ba. Ki karanta na yau, in kin gama ki sake faɗa, ba zan ji haushi ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Wening, shekarata ashirin da shida. Ina zaune da mahaifiyata a wani ɗan lungu a garin Malang na ƙasar Indonesiya, ina ɗinka jakunkuna a gida ina sayarwa ta waya. Klepon kuma ɓera ce, mace, fara mai tokar kai, kuma tun ranar Laraba ba ta sa komai a bakinta da kanta ba.

Mahaifina, Bapak, shi ya shigo da su gidan nan, su biyu cikin kwalin takalmi, daga kasuwar tsuntsaye inda aka ajiye su don abincin macizai. Ya ce ya tsaya kallon tsuntsu ne sai ɗaya ta kama masa yatsa da hannu biyu, shi ke nan ƙafarsa ta ƙi tafiya. Mai walda ne, don haka da kansa ya haɗa musu keji hawa uku, da ɗan tsani da lilo. Ya sa wa ɗaya Onde, ɗaya Klepon, sunan ƙananan curin alawar shinkafa da yake so da shayi, saboda in sun dunƙule suna barci haka suke komawa. Wata huɗu bayan nan ciwon ajali ya kwantar da shi. Duk jinyarsa Klepon a aljihun rigarsa take kwana, kanta a waje. Ita kaɗai ta rage mai numfashi a cikin abin da hannunsa ya rena, in aka cire ni.

Ibu, mahaifiyata, tun ranar farko ta kafa doka ɗaya: ko inuwarsu kada ta gani a falon baƙi. Falon nan shi ne girmanta. Kujerun katakon jati ne masu sassaƙa, har yau da ledarsu, ga kabad ɗin gilashi cike da tangaran ɗin da ba a taɓa ci a ciki ba, ga hoton Bapak a bango. Shekara biyu da rabi ban karya dokar ba ko sau ɗaya.

Sati uku da suka wuce Onde ta mutu. Klepon dama tana da ciwon ƙirji, irin wanda ke kama su in sun tsufa. In ka kanga ta a kunne kamar waya za ka ji wani ƙur-ƙur a ciki. Jan ruwa ya fara taruwa mata a hanci da gefen ido, wanda bai sani ba sai ya ce jini ne. Likitar dabbobi ta ba ni magani, safe da yamma a sirinji marar allura, ta ce in riƙa yi mata sirace. Sannan ta cire gilashinta ta gaya mini gaskiya: maganin na ƙirji ne kawai. Ɓera ba ya zaman kaɗaici, in ɗan uwansa ya mutu yakan saki jiki ya bi shi. In samo mata 'yan yara biyu mata. Amma kada su haɗu sai sun yi kwana goma sha huɗu a wani gidan daban, a tabbata ba su ɗauko wata cutar ba. In ranar ta zo kuma, kada in kuskura in jefa su cikin kejinta, za ta ɗauke su ɓarayi. A haɗa su a wurin da ba wadda ta san shi, ba wadda za ta ce nan nata ne.

Da na gaya wa Ibu, ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce ba sabbin ɓeraye ba, tsohuwar ma kejinta zai bar gidan nan kafin Lahadin ƙarshen wata, don ranar iyayen Mas Galih za su zo neman aurena.

Kada ku ce dole aka yi mini. Ina son Galih. Mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne, dogo, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube. Matsalar mahaifiyarsa ce, Bu Harti (Bu gajeren Ibu ne, haka muke kiran kowace uwa). Shagon abinci gare ta kusa da tasha, shekara talatin, kuma abin alfaharinta a duniya shi ne ba a taɓa ganin ɓera ya gitta kicin ɗinta ya fita da rai ba. Da ta ji ƙishin-ƙishin cewa ina kiwon wani abu a ɗaki, sai Ibu ta yi dariya ta ce ai zomo ne.

Shi kansa Galih ranar da ya fara ganin Klepon benci ya hau. Ya ce fuskar ba laifi, wutsiyar ce ba ya iya kallo. Amma da na rasa gidan da zan kai yaran, shi ya ce in kawo su shagonsa, akwai ɗan ɗaki a baya. Ya sa musu suna Mur da Baut, wato noti da ƙusarsa, don iyakar abin da ya sani ke nan. Kullum da saƙonsa nake tashi. Dik yake ce mini, wato ƙanwa, ni kuma in ce masa Mas, wato yaya.

"Dik, baƙar ta cije ni."

"Jini ya fito?"

"A'a."

"To ɗanɗana ka take, Mas. Ta ga ko ka nuna."

"Ki gaya mata ɗanye ne."

A kwana na biyar ya aiko hoton Baut a kafaɗarsa, ya runtse ido kamar mai jiran allura. A kwana na tara ya tambaye ni ko ƙwai ɗaya ya ishe su su biyu. Ni kuma a nan kullum ina ɗora Klepon a kan sikelin da Ibu ke auna fulawa. Da giram ɗari uku da goma take. Ta koma ɗari biyu da tamanin, ta koma ɗari biyu da sittin. Ranar Laraba na miƙa mata ayaba, abin da a da har tsalle take yi a kansa, ta shinshina ta juya mini baya ta koma kusurwar da Onde ke kwana. Tun daga nan sai ɗura. In naɗe ta a tawul, in sa mata kunun jarirai a gefen baki, rabi ya shiga rabi ya gangaro. Na kira likita ina kuka na ce a bari in kawo yaran yanzu. Ta ce in ƙirjin nan ya ƙara ɗaukar wata cutar ko kwana biyu ba za ta yi ba, in daure zuwa Asabar.

Na daure. Jiya Asabar, kwana sha huɗu cif, bayan la'asar Ibu ta shiga maƙwabta inda ake girkin baƙi saboda kicin ɗinmu ƙarami ne. Galih ya shigo da babur ta ƙofar baya da ɗan kwandon tafiya a cikin jaka. Na riga na shirya banɗaki: na wanke ƙasa, na toshe magudana da tsumma, na rufe kwamin ruwa da katako. Duk mai kiwon ɓera banɗaki yake haɗa su, haka kowa ke cewa a rukuninmu na waya.

Na sauke yaran, suka bazu suna shinshine-shinshine. Na sauke Klepon. Jama'a, dabbar da kwana uku ko kai ba ta iya ɗagawa sai ga gashinta ya mimmiƙe, ta kumbura ta zama biyu, ta gantsare baya tana tafiya a karkace. Kafin in miƙa hannu ta dira kan Mur. Ƙara ɗaya na ji, siririya, sai ga jini a kan farin tayil. Na jefa musu tawul na raba su. Kunnen Mur ya tsage kaɗan. Klepon kuwa da na ɗago ta bakinta a buɗe yake, tana jan iska da dukkan jikinta, haƙarƙarinta na shiga na fita. Na zauna a ƙasan banɗakin da ita a tafin hannuna ina kiran sunan Allah. Kusan minti ashirin kafin bakin ya rufu.

Galih ya durƙusa. Ya wanke wa Mur kunne da ruwan gishiri, da hannunsa, shi da ba ya iya kallon wutsiya. Ya bar mini kwandon a ƙarƙashin keken ɗinkina, ya fita ta inda ya shigo kafin Ibu ta dawo.

Da ta dawo ta leƙo ɗakina ta ga kejin yana nan. Ta ce ta yi magana da wani mai kiwon tantabaru a bayan layi, gobe bayan baƙi sun tafi zai zo ya ɗauka, kafin nan in rufe ƙofa in sa makulli. Bayan magariba na auna Klepon: ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Na rubuta wa Galih cewa ta ƙi su, ta zaɓi mutuwa, ni na gaji. Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Can saƙon ya shigo.

"Dik, a ina kike mata siracen?"

Na ɗaga kai na kalli ƙofar banɗaki.

Sati uku, safe da yamma, ina ɗaukar ta in shiga banɗakin nan, in zuba tafasasshen ruwa a bokiti in rufe ƙofa, in zauna da ita a cinya. In ta ji ɗan sauƙi sai in sauke ta ta zagaya, ta goga jikinta a bango, ta yi ɗan fitsarinta a kusurwa. Wankin da na yi da sabulu hancina kawai ya ruɗa. A wurinta banɗakin nan ɗakin jinyarta ne, nata ne, ni kuma na ɗauko baƙi biyu na zube mata a ciki tana kwance.

"Ni na yi," na rubuta masa. "Ni da hannuna."

"Kwana sha huɗu ina karatun ɓera, sai da na zo gida na tuna. Laifinmu mu biyu. Yanzu ina ne ba ta taɓa shiga ba?"

Na fara lissafi. Ɗakina nata ne. Barandar baya inda muke shanya, nan take shan hantsi. Ɗakin Ibu a can Klepon ta taya Bapak jinya, ta san kowane lungu. Rumfar waldarsa a nan ta girma. Kicin kuwa Ibu ta zuba maganin ɓera a bayan kowace tukunya. Shagon Galih ya zama na yaran, kuma ƙirjin nan ba zai ɗauki hayaƙin titi a kan babur ba. Na bi gidan kaf a raina, sai wuri ɗaya ya rage.

"Falo," na rubuta.

Ya rubuto: "Falon da za mu zauna gobe?"

"Ƙarfe goma za ku zo. Ibu za ta fita shida da rabi wurin mai kwalliya, daga can ta biya ta karɓo kek. Ina da awa biyu."

"In an bari zuwa Litinin fa?"

"Mas, ba ta da Litinin."

Ya turo mini kalma ɗaya: "Yi."

Yau da safe, ƙarar babur ɗin da ya ɗauki Ibu na ɓacewa na tashi. Na fara shiryawa tukuna, don na san ba zan samu lokaci daga baya ba: rigar kebaya mai leshi ruwan ƙasa wadda Ibu ta yi wata biyu tana jera wa duwatsu, zanen batik ɗin aurenta da ya matse ni har ba na iya buɗe ƙafa, mayafi ruwan madara da ɗan fil na azurfa. Da wannan shigar na kwaso kwalayen da nake aika jakunkuna a ciki, na yanka su na kewaye wani ɗan fili a kan tayil tsakanin tebur da kabad. Falon yana ƙamshin man goge katako da furen melati da Ibu ta jera a kwano. Na ɗauke furen na kai baranda saboda ƙirjinta. Na ajiye ɗan faranti a tsakiya da dafaffen ƙwai da na marmashe. Tawul a kafaɗata, wayata a kan kujera.

Na sauke su ukun lokaci ɗaya.

Klepon ta tsaya inda na ajiye ta, hancinta na rawa. Ba ta kumbura ba. Ta duba hagu ta duba dama, ba ta san komai a nan ba, ita ma baƙuwa ce. Yaran suka maƙale a jikin kwali, Mur ta ɓoye kanta a ƙarƙashin Baut. Minti goma ba wadda ta motsa. Minti ashirin. Ƙafata ta yi sanyi a cikin zanen, ban gyara zama ba.

Bari in gaya muku ƙa'idar, don ku fahimci abin da ya biyo baya. In ba jini, ba a sa hannu. Dole su yi kokawarsu, babba ta danne ƙarama, ƙarama ta kwanta ta yarda, daga nan ne suke zama gida ɗaya. In ka raba su ana tsaka da wannan, komai ya koma farko. Klepon ta riga ta kashe ƙarfinta a na jiya. Wannan shi ne na biyu, kuma na san babu na uku.

Wajen takwas Baut ta yi ƙarfin hali ta matso. Ita ce marar kunyar, mai fari da ɗigon baƙi a goshi. Ta shinshina wutsiyar Klepon. Klepon ta juyo, suka miƙe a kan ƙafafun baya suna kallon juna, hannu a hannu kamar masu dambe. Na danne bakina da tawul. Klepon ta gaji ta sauka, ta koma gefe tana haki. Baut ta bi ta. Aka sake. Haka suka yi ta yi, ni kuma ina kallon agogon bango yana cin lokacina.

Tara saura kwata na ji makulli a ƙofa.

Ibu ta shigo da kwalin kek biyu a hannu, an ɗaure mata gashi an yi mata hoda, ta yi kyau kamar a hoton aurenta. Ta ga kwalaye, ta gan ni a ƙasa cikin kebaya, sannan ta ga abin da ke cikin kwalayen. Ta ajiye kek ɗin a hankali a kan kabad. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi.

"Uku," ta ce. "Sun zama uku."

"Bu, ki saurare ni."

"Shekara biyu da rabi abu ɗaya na roƙe ki, Nduk, 'yata. Ɗaya. Na tsaya gaban matar nan da furfurata na yi mata ƙarya saboda ke. Yau kuma, yau ɗin nan, a kan tayil ɗin da na durƙusa na goge jiya."

"Don kin hana ne, Bu. Hanin da kika yi shi ya sa nan kaɗai ya rage a gidan da ba ta sani ba. Ba ni da wani wurin."

"Kwashe su."

"Ba zan iya ba yanzu."

"Wening."

Na ja gwiwa na matsa na kama ƙafarta, kwalliyar da na yi tana zuba a kan leshi. Na gaya mata komai, da nauyin, da ɗurar, da jinin jiya, da abin da likita ta ce. Na ce ta ba ni rabin awa, bayan nan in ta ce in bar gidan da kejin a kai zan bari. Ta fizge ƙafarta ta nufi kwalayen da niyyar ɗagawa da kanta. Ta sunkuya. Sai ta tsaya a sunkuye.

Na lura ashe tun rasuwar Bapak ba ta ƙara kallon Klepon ba. In na fito da ita takan juya fuska, ni kuma ina ɗauka ƙyama ce.

"Wannan ce ta aljihun?" ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ita ce."

"Da ƙiba gare ta. Har aljihun yake ja." Ta daɗe tana kallon ƙashin bayanta da ya fito. "Haka shi ma ya koma."

A lokacin wayata ta yi haske a kan kujera, na ga saƙonni huɗu da ban ji shigowarsu ba. Na ƙarshen ya ce: "Dik mun kusa. Kawuna ya sake lissafin ranakun haihuwarmu da asuba don neman lokacin sa'a, ya ce dole ƙafar mahaifiyata ta taka cikin gidanku kafin tara da rabi. Ki kwashe su don Allah." Ban gama karantawa ba na ji ƙofar mota a bakin lungu, da muryoyi, da yaran maƙwabta suna sanarwa.

Na kalli Ibu, ta kalle ni. A cikin kwalayen kuma, daidai wannan lokacin, Klepon ta tura Baut ta faɗi rigingine, ta hau kanta ta danne. Baut ta yi 'yar tsuwa ta yi shiru, ƙafafunta huɗu a sama. Mur ta leƙo daga kusurwa. Abin da nake jira tun safe ke nan, kuma in na taɓa su yanzu na kashe ta.

Ibu ta miƙe ta gyara zaninta. Ta share gefen idonta da ɗan yatsa don kada hodar ta ɓaci. Ta fita baranda ta jawo ƙofar a bayanta.

Ina jin ta. Ban taɓa sanin mahaifiyata ta iya jan gaisuwa haka ba. Ta tambayi hanya, ta tambayi cunkoso, ta tambayi shago, ta tambayi gwiwar kawun Galih da maganin da yake shafawa. Ta ce iskar baranda ta fi daɗi da safe, a kawo kujeru. Ta yaba zanen kowace mace ɗaya bayan ɗaya. Ko kaɗan ba ta tsaya ba.

Ciki kuwa Klepon ta sunkuyar da kai ta fara lasar wuyan Baut, da ƙarfi, kamar uwa mai wanke yaron da ya yi wasan taɓo. Ta wanke mata kunne, ta wanke mata goshi. Da ta gama ta sauka ta kwanta a gefe tana numfashi, baki a rufe. Baut ta tashi ta kakkaɓe jiki kamar ba abin da ya faru, ta nufi faranti, ta ɗauki gutsuren gwaiduwa ta dawo ta zauna dab da hancin Klepon tana ci.

A waje kawun ya yi gyaran murya ya ce saura minti uku. Ibu ta fara wata maganar, Bu Harti ta katse ta da dariya, ta ce ai an zama ɗaya, ko falon bai gama shiryuwa ba ƙafa kawai za ta sa. Hannun ƙofar ya juya.

Ban ɗago ba. Ku yafe mini, ban ɗago ba, domin a daidai nan Klepon ta buɗe ido ta kalli abin da ke hannun yarinyar. Duk zamansu da Onde ba ta taɓa cin abin da na ba ta ba sai ta ƙwace na hannun 'yar uwarta, ko da iri ɗaya ne. Ta miƙa wuya. Ta fizge gwaiduwar daga hannun Baut, ta juya mata baya, ta riƙe da hannu biyu ta fara ci.

Da kanta. Ina jin ƙarar ɗan haƙorinta.

Sai da ta cinye ta ja jiki ta nufi farantin sannan na ɗaga kai. Bu Harti na tsaye a tsakiyar falo cikin kebaya ruwan goro, riƙe da tire mai lulluɓin leshi wanda zoben baiko ke ciki. Bayanta mata huɗu da tirensu, sun cushe a bakin ƙofa, ɗaya ta toshe baki. Galih na can baya, fuskarsa kamar an zare mata jini. Ibu ta jingina da bango ta rufe ido.

Bu Harti ta dubi ɓerayen ɗaya bayan ɗaya. Ta dubi farantin. Ta daɗe a kan farantin.

"Zomo," ta ce, ba tare da ta kalli Ibu ba. Sannan ta ɗan juya kai. "Galih. Ƙwan da sati biyu kake sa ni dafawa da asuba, wai likita ya ce jininka ya yi ƙasa. Nan yake zuwa?"

"Wurin ƙananan biyu yake zuwa, Bu," ya ce a hankali. "Babbar ba ta ci ba sai yau."

Wata a cikin matan ta yi dariya ta haɗiye. Bu Harti ba ta yi ba. Ta dawo da idonta kaina, daga mayafin da ya karkace har zuwa zanen da ya kwashi ɓawon ƙwai.

"Tashi, Nduk. Ki fito baranda, ina da magana da ke, ni da ke kawai."

Na so in tashi. Wallahi na so. Na san abin da ke cikin tiren nan, na san ƙaryar da Ibu ta yi saboda ni, na ga idon Galih yana roƙona. Amma Mur, mai tsagaggen kunnen, ta baro kusurwarta tana takowa a hankali wajen farantin da Klepon ke ci, kuma ita ba a gama da ita ba tukuna. In abin ya juye dole hannuna ya kasance kusa.

Na haɗa tafukana a ƙirji na sunkuyar da kai ƙasa iyakar yadda zan iya.

"A gafarce ni, Bu. Sai ta gama ci."

Ba wanda ya taɓa ce wa Bu Harti ta jira, ko a shagonta ko a gidanta. Ta dube ni tsawon lokacin da ban san iyakarsa ba. Sannan ta jawo kujerar jati ɗaya, ledar ta yi ƙara, ta zauna dab da kwalayen, ta tattare zaninta daga ƙasa.

Tiren yana kan cinyarta, hannuwanta biyu a kansa. Ba ta miƙa wa Ibu ba, ba ta kuma mayar wa masu rakiya ba. Mur ta iso bakin farantin ta tsaya, Klepon ta ɗago kai da gwaiduwa a gemu tana kallonta, mu duka kuma muna kallon su.